Hawa ba ya damuna, saukowa ce ke cin gwiwata

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 57, ina zaune a Mamobi cikin birnin Accra, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Nima. Bara likita ya ce ina da hawan jini, ga jiki ya yi nauyi, ya ce lallai in riƙa tafiyar ƙafa. Sai na shiga cikin wasu matan unguwarmu da ke zuwa Ayi Mensah duk Asabar bayan sallar asuba, mu hau tudu da ƙafa har Peduase mu sauko. Na ji daɗin abin ƙwarai, jinin ma ya fara sauka. To amma gwiwata ta dama ta sa ni gaba. Hawa ba ya damuna sosai, saukowa ce azaba. Ranar Lahadi da ƙyar nake sujada, zaman tahiya kuwa sai na miƙe ƙafa. Kusan kullum sai na sha diklofenak kafin in fita kasuwa. 'Yata da ke aure a Jamus ta aiko mini da sanduna biyu irin na masu hawan dutse, masu shigewa cikin juna. Sau ɗaya na fita da su, ƙawayena suka yi ta yi mini tsiya wai na tsufa, wata ta ce na zama Baturiya. Ni ma ban ji sun rage mini komai ba, sai ma kafaɗa da ta kama ciwo. Na tura su ƙarƙashin gado. Alhaji ya ce in haƙura da dutsen nan in zauna gida. Shin sandunan nan suna da amfani, ko in bi maganar Alhaji?

Wata Hajiya, daga Mamobi

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Mma Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Ki sa yaro ya leƙa ƙarƙashin gadon nan ya zaro miki sandunanki. 'Yarki ba ta yi asarar kuɗinta ba. Sandunan suna aiki, kuma inda suka fi aiki shi ne daidai inda kike kuka da shi, wato gangare. Ranar da kika gwada su, kayan aiki ne aka miƙa miki ba a nuna miki yadda ake riƙe shi ba. Shi kuma Alhaji tausayi ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki, don gwiwar na son a sassauta mata. Amma saukowar ce za a sassauta, ba tafiyar ba. In kika koma gida kika zauna, jinin da ya fara sauka zai koma inda ya fito, nauyi ya ƙaru, gwiwar kuma ta ƙara sandarewa.

Kafin zancen sanda, akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ta fi ciwon gwiwar tayar mini da hankali, ita ce ta diklofenak da kike sha kusan kullum. Mma, don Allah ki dakata da shi har ki ga likitanki. Wannan magani da 'yan uwansa irin su ibuprofen suna kashe zogi, babu musu, amma ga mai hawan jini shan su yau da gobe haɗari ne. Suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin wasu magungunan hawan jinin da ake sha, suna gajiyar da ƙoda a ɓoye mutum bai ji komai ba, suna kuma iya cin ciki har ya yi gyambo, balle in ana haɗiyar su da sassafe ba a karya ba. Kin ga kenan kina hawa tudu don jini ya sauka, ƙwayar kuma tana mayar da shi sama. Akwai diklofenak na shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, ki tambayi likita ko ya dace da ke. Ki kuma yi nesa da ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwali, da jiƙon kwalba da ake talla a tasha da cikin mota wai yana maganin sanyin ƙashi da ciwon baya da komai da komai.

Saboda haka abu na farko shi ne ki ɗauki katinki na inshorar lafiya, wato NHIS, ki je asibiti, ga na Mamobi nan kusa da ke, a taɓa gwiwar da hannu. A shekarunki, ciwon da ke tashi da aiki ya lafa da hutu, da ɗan taurin gaɓa na safe wanda ke saki kafin rabin sa'a, galibi amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi ya fara zaizayewa. Ki roƙi a tura ki sashen gashin ƙashi. Akwai shi a asibitin sojoji na 37, da asibitin Ridge, da na Korle Bu. In an yi hoton ƙashi an ce gwiwa ta cinye, kada gabanki ya faɗi. Mutane da yawa hotonsu ba kyau amma suna yawonsu lafiya lau, wasu kuma hoton da sauƙi ciwon da yawa. Abin da ba ya jiran ranar ganin likita shi ne gwiwar da ta kumbura ta yi zafi a hannu, balle da zazzaɓi, ko wadda ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko wadda ke sulluɓe miki kina tsaye, ko ƙafar da ta ƙi ɗaukar nauyinki sam, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo. In kin ga ɗaya daga cikinsu, asibiti a ranar.

Yanzu me ya sa saukowa ta fi hawa ciwo, alhali a hawan kika fi haki? Duk wanda ya saba bin motar Aburi zuwa Madina ya san ƙaurin burkin nan da ke tashi idan trotro ya gangaro cike da fasinja. Tsokar gaban cinya ita ce burkin jikinki. A kowane taku na gangare nauyinki duka yana faɗowa kan ƙafa ɗaya, tsokar tana riƙe shi kada ki kifa, kuma tana riƙewar ne alhali ana jan ta tana miƙewa. Yayin da take wannan aikin, tana danna ƙoƙon gwiwa kan ƙashin cinya da ƙarfi. Direban kirki yakan sa ƙaramin giya don ya raba wa burki aiki, to sandunan nan su ne ƙaramin giyarki. Irin wannan aikin riƙewa shi ne kuma ke kawo tsamin jiki da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ranar Lahadi ce sujada ke gagarar ki, ba ranar Asabar ɗin ba.

An auna nauyin nan, ba hasashe ba ne. A Berlin, can ƙasar da 'yarki take, an sa wa wasu marasa lafiya gwiwar ƙarfe mai na'urar awo a cikinta. Sakamakon da aka fitar a 2010 ya nuna cewa a tafiyar fili gwiwa na ɗaukar kimanin ninki biyu da rabi na nauyin jiki, a saukowa matattakala kuma kusan ninki uku da rabi. A ce nauyin mutum kilo 90 ne, kowane takun saukowa ya haura kilo 300 a kan gaɓa ɗaya. Ki lissafa takun da ke tsakanin Peduase da Ayi Mensah.

Su ma sandunan an gwada su. A 1999 masu bincike a Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun sa mutane saukowa gangare mai tsanani da sanduna da kuma babu su, suka ga nauyin da ke faɗa wa gwiwa ya ragu da kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari. Wani binciken da aka buga a 2011 ya bi mutum 37 da suka hau dutsen Snowdon a Birtaniya suka sauko. Waɗanda suka riƙe sanduna sun fi sauran sauƙin tsamin jiki a kwanaki biyun da suka biyo baya, ƙarfin ƙafarsu kuma ya fi saurin dawowa. A tafiyar fili kuwa, da yawa daga cikin gwaje-gwajen da aka yi ba su ga ragin kirki a kan gwiwa ba. A can amfanin sanda shi ne tsare mutum daga tuntuɓe da santsi, da miƙar da baya, da sa hannuwa su ma su yi aiki. Na faɗa miki wannan ne don ki san abin da za ki sa rai a kai. Sanda ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Tana kwashe wani kaso na kayan ne daga gwiwa ta ɗora wa hannu da kafaɗa, kuma kashi ɗaya cikin biyar a taku dubbai ba ƙaramin abu ba ne.

To ga yadda ake saita su, kuma a nan nake so ki natsu, don kusan duk wanda ya ce sanda ba ta yi masa amfani ba a nan ya kuskure.

Ki sa takalmin da kike tafiya da shi, ki tsaya a miƙe a tsakar gida, ki kafa sandar a gefen ƙafarki. Ki daidaita tsawonta har damtsenki ya sauka a jikin haƙarƙari, hannun daga gwiwar hannu zuwa tafi ya kwanta sambal, bai ɗaga sama ba bai yi ƙasa ba. Akwai lambobi a jikin sandar. Mai tsawon santimita 160 takan tsaya wajen 110, mai 170 wajen 115. In sandar mai gaɓa uku ce, ki zaro gaɓoɓin biyu daidai wa daida, kada ki zare ɗaya duka ki bar ɗaya a ciki, kuma kada ki wuce layin da aka rubuta STOP, don daga nan take karyewa. Sandar da ta yi tsawo tana sa mutum ɗage kafaɗa har wajen kunne, ya yi sa'a biyu a haka. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya jawo miki ciwon kafaɗa.

Sai maɗaurin da ke saman mariƙin. Yawancin mutane suna zura hannu ta sama su damƙe sanda kamar za a ƙwace musu. Ba haka ba ne. Ki zura hannun ta ƙasan maɗaurin ya ɓullo sama, sannan ki sauko da shi ki kama mariƙin, maɗaurin ya kwanta a tafin hannu tsakanin babban yatsa da manuniya ya zagaye wuyan hannu. In kin yi daidai, za ki iya sakin yatsunki duka ki danna ƙasa, maɗaurin ya ɗauki nauyin. Riƙo ya zama sako-sako, yatsu suna yi wa sanda jagora ne kawai. Wannan yana da muhimmanci gare ki musamman, domin damƙe abu da ƙarfi na tsawon lokaci, tare da riƙe numfashi, yana ɗaga jini.

Ki juya sandar ki dubi bakinta. Akwai ɗan tsinin ƙarfe, wannan na ƙasa ne da tsakuwa da dutse. Hanyarku kwalta ce da siminti, a kansu tsinin yana zamewa, yana ƙara ƙwas-ƙwas, kuma kowane bugu yana hawa har kafaɗa. Ki duba cikin jakar da sandunan suka zo, da wuya a rasa wasu 'yan hulunan roba baƙaƙe guda biyu. Su za ki tura a bakin. In babu, ko sun cinye, 'yarki ta aiko da su da yawa, ba su da tsada ba su da nauyi. Ranar da kuka je Shai Hills ko wata hanyar ƙasa, sai ki cire robar.

Kafin kowace fita, ki kafa kowace sanda ki danna ta da nauyinki. In ta shige ciki ko da kaɗan, makullin ya saki. Mai maɓallin ɗagawa tana da ɗan kusa a gefe da ake ƙara murɗawa, mai murɗawa kuma sai a ƙara matse ta. Sandar da ta shige a tsakiyar gangare tana iya kayar da mutum. Idan ruwa ya duke ku, ki zare gaɓoɓin duka ki goge su bushe kafin ki mayar, don laimar Accra ba ta barin ƙarfe. Kada a zuba musu mai, mai yana sa makulli zamewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ki koyi takun a fili tukuna. Ki fara tafiya kina jan sandunan a bayanki, hannuwa suna lilo yadda suka saba. Za ki ga hannun dama na tafiya da ƙafar hagu, na hagu da ƙafar dama. Daga nan sai ki fara kafa su a kan wannan tsarin, bakin sanda yana sauka kusa da diddigen ƙafar da ke gaba, saman ya ɗan karkata gaba, ki tura baya. Kwana uku ko huɗu a filin Kawukudi ko cikin jami'ar Legon da sassafe, hannu zai gane da kansa.

A hawa, ki rage tsawon da santimita 5 zuwa 10, ki riƙa kafa su kusa da jiki kina tura kanki sama. A gangare, ki ƙara tsawon da kamar haka, ki riƙa kafa su a gabanki kafin ƙafa ta sauka. Wannan ita ce maganar duka: sanda ta riga ƙafa taɓa ƙasa, ki kuma ɗora mata nauyi da gaske. Sandar da ake ɗan taɓa ƙasa da ita don ado ba ta rage wa gwiwa komai. Ki gajarta taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ki miƙe ta ƙam ta daki ƙasa, kada kuma ki jingina baya don tsoron gangaren. Inda ya yi tsanani, ki kafa sandunan biyu tare a gaba, ki sauko da ƙafar dama mai ciwo, ta hagu ta biyo. A nan gara ki zare hannu daga maɗauri ki dafa saman mariƙin da tafi, don in an yi tuntuɓe hannu ya samu kuɓuta. Matattakala ma haka take a ko'ina, a gida ko a masallaci: in za a hau, lafiyayyar ƙafa ke gaba, in za a sauko, mai ciwo ke gaba.

Akwai abin da takardar da ta zo da sandunan ba za ta faɗa miki ba, don ba mu aka yi wa ita ba. Doguwar abaya da hijabi mai jan ƙasa suna kama bakin sanda, iskar tudun nan kuma tana naɗe mayafi a hannu. Ki sa wando mai faɗi da riga zuwa ƙasan gwiwa, da hijabi iya ƙugu. Jakar hannu ba ta haɗuwa da sanda biyu, ki nemi 'yar jakar goyo ki zuba ruwa da waya da carbi a ciki. Takalmi kuma kambas mai taushin ƙasa da kyakkyawan riƙo, ba silifas ba. Ranar Asabar hanyar nan cike take da jama'a, in kin ɗauke sandunan ki riƙe bakinsu yana kallon ƙasa ta gabanki, kada ki soke na bayanki.

Ga shawarar da nake ganin za ta fi komai canja miki ranar Lahadi. Na wata ɗaya da rabi ko biyu, ki hau da ƙafa, ki sauko a mota. Amfanin da zuciya da jini ke samu yawancinsa a hawan yake, wahalar gwiwa kuma yawancinta a saukowa. Motocin Aburi masu zuwa Madina ta nan suke bi, in sun zo a cike ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi zuwa Ayi Mensah. Na tabbata ba ke kaɗai ce ke cije leɓe a gangaren nan ba a cikin ƙungiyarku. Bayan nan sai ki fara sauko da kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar da sanduna, ki hau mota a sauran, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ma'aunin shi ne washegari. Ɗan ciwo mai sauƙi da ya lafa cikin kwana ɗaya ba ɓarna ba ce. In gwiwa ta kumbura, ko ciwon ya kai Litinin, kin zarce, sai ki koma matakin baya.

Kuma Asabar kaɗai ba ta isa ba, ita ce ma ke jawo wani ɓangare na matsalar, don gwiwar da ta yi kwana shida ba ta yi doguwar tafiya ba sai a ɗora mata tudu gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 a fili, kwana huɗu ko biyar, da saurin da za ki iya magana amma ba ki iya rera waƙa ba. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke tura ruwan ciki da waje. Wannan ita ce hujjar da za ki kai wa Alhaji.

Maganin da ya fi daɗewa yana cikin cinyarki. Ki samu kujera mai ƙarfi wadda ba ta yi ƙasa ba, ki jingina ta da bango. Ki zauna a bakinta, ki miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan ki koma zaune a hankali kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, kada ki faɗa kanta. Komawar nan a hankali ita ce ainihin aikin da cinya ke yi a gangare. Sau 10, ki huta, ki maimaita. Sai ki kwanta rigingine a gado, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ki ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi biyu, ki riƙe ta daƙiƙa biyar, ki sauke. Kwana uku a mako. Ba a ganin sakamako a mako ɗaya, sai wajen mako 6 zuwa 12, amma yana zuwa. Masu gashin ƙashi za su ƙara miki wasu daidai da ƙafarki, kuma ki tafi musu da sandunan su duba riƙonki.

Zancen nauyi likita ya riga ya yi miki, ba zan tsawaita ba, lissafi ɗaya kawai zan ba ki. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan masu amosanin gwiwa, aka buga a 2005, ya gano cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Kilo 5 kenan ya zama 20. Ba sai kin bar waakye ba. A rage taliya da garin da ake tulawa a kai, a rage sukarin koko, lemun kwalba ya zama na ranar biki, tuwon dare ya ragu miyar ganye ta ƙaru.

Ki duba kasuwa ma, don a can kike yini. Kujera 'yar tsugunno tana naɗe gwiwa, tashi daga kanta kuma yana matse ƙoƙon gwiwa fiye da tafiyar kanta. Ki sa kafinta ya yi miki wadda in kin zauna cinya ba za ta yi ƙasa da gwiwa ba. Dilar atamfa kuma a bar wa yara. A gida ki zauna a kan kujera ki yi alwala. Ranakun da gwiwar ta tashi, ki fita da sanda ɗaya don tsallake kwata da hawa-da-saukar lungunan Nima, kuma ki riƙe ta a hannun hagu. Mutane da yawa suna riƙewa a gefen ciwon, alhali a ɗaya gefen take rage nauyi: sandar hagu da ƙafar dama su sauka tare.

Salla kuwa, kada ki azabtar da kanki. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune. Miƙe ƙafa a tahiya saboda lalura ba ya ɓata miki salla. Ki tambayi malamarku ta makaranta yadda ake haɗa tsayuwa da zama a kujera, ki kuma ninka dadduma ko ki sa soso a ƙarƙashin gwiwa.

Saura kunya, kuma na san ita ce ta tura sandunan ƙarƙashin gado fiye da ciwon kafaɗa. Maganar ƙawa tana da zafi ko da cikin wasa aka yi ta, musamman a ce wa mace ta tsufa a gaban jama'a. Amma Mma, yaushe sanda ta zama abin Bature? A Suratu Ɗaha, da aka tambayi Annabi Musa abin da ke hannunsa na dama, cewa ya yi sandarsa ce, yana dogara a kanta. Liman yana hawa mumbari ranar Juma'a da sanda a hannu. Bafulatani saurayi mai jini a jika ba ya bin shanu sai da ita. Kakanninmu fataken goro da suka yi ta taka sayyada tsakanin Kano da Salaga, har aka kafa zangunan da muke zaune a cikinsu, matafiya ne, kuma matafiyi da sanda aka san shi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne ta biyu, da ƙarfe mara nauyi, da makullin tsawo. A can ma matasa masu hawan manyan duwatsu suna riƙe su.

Ba sai kin yi gardama da kowa ba. Ranar da kuka kai Peduase, ki saita sandunan daidai tsawon wadda ta fi yi miki tsiya, ki zura mata hannu a maɗauri yadda na kwatanta, ki ce ta sauko da su zuwa lanƙwasa ta farko ta faɗa miki abin da gwiwarta ta ji. Wadda ba ta da mai aiko mata daga waje ba sai ta jira ba. Sandar itace mai ƙwari da aka yanka daidai tsawon nan, aka sa mata robar ƙafar kujera a baki, tana aiki a kan kwalta, ko da ba ta da maɗauri.

Shi kuma Alhaji, ki gaya masa kin ji maganarsa, kin bar saukowa da ƙafa har gwiwa ta yi ƙarfi, kin kuma bar ƙwayar nan. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji bayanin daga bakin likita. In ya yarda ya riƙa bin ki tafiyar safe a fili, shi ma a auna jininsa. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da aka ce a asibiti, da sau nawa kike iya tashi daga kujera ba dafawa, sai mu duba ko lokacin saukowa duka ya yi. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa 'yarki albarka.